Magana Zarar Bunu Ce: Ladabin Harshe A Gidajen Kirista

 

Kwanan baya na shiga kasuwa cefane, na tsaya gaban wata mai sayar da tumatir da attarugu. A gabana akwai wata dattijuwa sanye da zanen zumuntar mata na ikilisiyarsu, tana riƙe da hannun jikanyarta. Da ta taya kwanon tumatir, sai mai kayan ta shiga rantse-rantse, ta ce ita ma naira 3,000 ta saro shi, in ta yi ƙarya kada Allah ya kai ta gida lafiya. Dattijuwar nan ba ta ɗaga murya ba. Sai ta ce mata, "'Yata, faɗi kuɗin kayanki kawai. In na iya in saya, in ban iya ba in wuce. Kada ki jefa sunan Allah cikin kwanon tumatir." Ba a jima ba aka sallama mata kwanon a naira 2,200, watau ƙasa da abin da aka rantse a kai. Yarinyar nan kuwa tana tsaye, ta ji rantsuwar, ta kuma ga yadda ciniki ya ƙare.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata yau mu duba abin da addinin Kirista ya ke koyarwa a kan tsaron baki, da yadda waɗansu mata na can da suka riƙe wannan koyarwa a gidajensu. Wadda ta ke Kirista za ta tuna da abin da aka koya mata, wadda kuma ba Kirista ba ce za ta ƙara sanin maƙwabciyarta.

SUNAN ALLAH BA ABIN CIKA BAKI BA NE

Tushen maganar yana cikin Dokoki Goma, a littafin Fitowa sura 20 aya 7. A can aka hana kama sunan Allah a banza, aka kuma yi kashedi cewa wanda ya yi haka ba zai kuɓuta daga laifi ba. Yahudawa sun riƙe wannan doka da tsanani ƙwarai, har suka daina furta sunan nan mai haruffa 4 da ke rubuce cikin littattafansu. In mai karatu ya iso wurinsa, sai ya faɗi wata kalma mai ma'anar "Ubangiji". Masu fassara da yawa sun bi wannan sawu, shi ya sa mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ya ke ta gamuwa da kalmar Ubangiji. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko ta fito a 1932, kuma babban wanda ya yi wahalar aikin shi ne Likita Mila, watau Walter Miller, wanda ya daɗe a Zariya. A cikinta sunan Allah ne aka yi amfani da shi, sunan da kowane mai jin Hausa ya sani.

To, a nan ne Kirista mai magana da Hausa ya ke da aiki a gabansa, domin harshenmu cike ya ke da sunan Allah. Da shi mu ke gaisuwa, da shi mu ke godiya da ta'aziyya da ban kwana. Wannan kuwa abu ne mai kyau, in dai zuciya tana tare da baki. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da sunan ya zama abin cika magana kawai. Cokali ya faɗi, a kira sunan Yesu. Miya ta ƙone, a kira sunan Allah da ashar a numfashi guda. Malaman ikilisiya su kan ce bambancin yana nan: wadda mota ta kusa kaɗe ɗanta ta kira sunan Ubangiji, addu'a ta yi, wadda ta kira shi don ta ga tsadar atamfa, wasa ta yi da shi.

A Ingila ta da, hukuma da kanta ta shiga maganar. A 1606 aka yi doka cewa duk ɗan wasan kwaikwayon da ya ambaci sunan Allah ko na Almasihu da ba'a a dandali, tarar fam 10 ce a kansa. A 1745 kuma aka yi wata ta kowa da kowa: lebura ko soja ko matuƙin jirgin ruwa in ya yi rantsuwar banza ya biya sule 1, mai matsakaicin hali sule 2, babban mutum sule 5, wanda ya sake kuma a ninka masa. Sai a 1967 aka soke ta. Tara ba ta gyara bakin mutane ba, sai dai ta koya musu kewaye, suka riƙa lanƙwasa sunan don kada a gane. Haruffan nan 3, OMG, da 'yammatanmu su ke rubutawa cikin saƙon waya, taƙaitaccen kiran sunan Allah ne da Turanci. An same su tun cikin wata wasiƙa da wani tsohon shugaban mayaƙan ruwan Ingila, Lord Fisher, ya rubuta wa Winston Churchill a 1917. Yarinya da yawa tana rubuta su sau goma a yini ba ta san sunan wa ta ke kira ba.

RANTSUWA

Cikin wa'azin da Yesu Almasihu ya yi a kan dutse, wanda ke Matiyu sura 5, ya hana mabiyansa rantsuwa da sama ko ƙasa ko birnin Urushalima ko kawunansu. Abin da ya nema shi ne mutum ya zama mai magana ɗaya, amincewarsa ta isa, ƙinsa kuma ya isa. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta maimaita wannan. Hikimar a fili ta ke. Wadda ta ke rantsuwa kafin a yarda da ita, ta nuna cewa maganarta iri biyu ce, akwai ta gaskiya mai rantsuwa, akwai kuma ta yau da kullum wadda ba a dogara da ita.

Ku dubi labarin Bitrus a daren da aka kama Yesu, a Matiyu sura 26. Wata baranya ta ce ta gan shi tare da Yesu, ya musa da baki kawai. Wata baranyar ta sake faɗa, sai ya musa da rantsuwa. A karo na 3 ya haɗa da la'antar kansa. Watau yadda ƙaryar ta ke girma, haka rantsuwar ta ke ƙara kauri. Uwargida, in kin lura da yaranki za ki ga haka nan ne: wanda ya ɗauki naman miya shi ya ke fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

Akwai kuma rantsuwar garaje. Markus sura 6 ya ba da labarin sarki Hirudus, wanda rawar wata yarinya ta ƙayatar da shi a gaban baƙinsa, ya rantse zai ba ta duk abin da ta roƙa. Yarinya ta je ta tambayi uwarta, uwar kuwa ta ce ta roƙi kan Yahaya Maibaftisma. Sarki ya yi baƙin ciki, amma kunyar baƙi da nauyin rantsuwa suka sa aka fille kan mutumin kirki. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, a nan kuwa wuyan wani ya yanka.

A shekarar 387 mutanen Antakiya, birnin da aka fara kiran almajirai da sunan Kirista, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Turkiyya, suka yi bore saboda haraji, suka tumɓuke gumakan sarkin Rum. Gari ya cika da tsoron abin da zai biyo baya. Wani mai wa'azi da a ke kira Yahaya, wanda daga baya aka yi masa laƙabi da Bakin Zinariya saboda iya magana, ya yi ta yi musu wa'azi cikin kwanakin azumi. Abin mamaki, abin da ya riƙa maimaitawa shi ne su bar rantsuwa. Ya ba su dabara: kowa ya sa matarsa da 'ya'yansa da barorinsa su riƙa tuna masa, wanda kuma bakinsa ya suɓuce ya kwana ba tare da cin abincin dare ba. Ya san cewa al'ada ce, al'ada kuwa sai da taimakon mutanen gida a ke raba mutum da ita.

MACEN DA TA ZAƁI KURKUKU

Wata mace a Ingila mai suna Margaret Fell, matar wani alƙali ce da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 8. Tana cikin wata ƙungiyar Kirista da a ke kira Kwekas, waɗanda ba su yarda da rantsuwa kowace iri ba, ko da a gaban shari'a. A 1664, tana da shekara 50, aka gurfanar da ita aka ce ta rantse da biyayya ga sarki. Ta ce biyayya kam tana yi, amma rantsuwa ba za ta yi ba. Aka kulle ta a kurkukun Lancaster, ba ta fito ba sai a 1668. Irin wannan tsayin daka ya sa tun kafin shekarar 1700 majalisar Ingila ta yarda 'yan ƙungiyar su riƙa ba da tabbaci da baki kawai a maimakon rantsuwa. Tsarin mulkin Amurka ma ya ba sabon shugaba wannan zaɓi, kuma Franklin Pierce ya yi amfani da shi a 1853.

Abin da zai ba mata 'yan kasuwa sha'awa shi ne yadda wannan hali ya shiga cinikinsu. Tun da ba su da magana biyu, sai suka ƙi tayi da ragi, kowane kaya kuɗinsa ɗaya. Da fari masu saye sun guje su, amma daga baya aka gane ko ƙaramin yaro aka aika kantinsu ba za a cuce shi ba, sai ciniki ya koma wurinsu. John Cadbury, wanda ya buɗe kantinsa a Birmingham a 1824, ɗan wannan ƙungiya ne, kamfanin da ya samo asali daga gare shi kuwa shi ne mai yin Bournvita da mu ke dama wa yara. Ashe gaskiya ma jari ce.

A nan ƙasarmu akwai reshen irin wannan koyarwa. Ikilisiyar 'Yan'uwa, wadda aka kafa a Jamus a 1708, ita ma tun asali ba ta yarda da rantsuwa ba. Masu bisharanta sun iso Garkiɗa a 1923, daga aikinsu ne kuma aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta yi ƙarfi a Adamawa da Borno. Amma kada a ɗauka duk Kirista haka su ke. Yawancin ikilisiyoyi, har da Katolika da Angilikan, sun yarda mutum ya rantse in alƙali ya bukata domin a tsai da gaskiya. Abin da dukansu suka haɗu a kai shi ne ƙin rantsuwar banza ta kasuwa da tsakar gida.

TSEGUMI DA KAI-KOMO

Wasiƙar Yakubu sura 3 ita ce ta fi yin bayani a kan harshe. Ta kwatanta shi da linzamin da a ke juya doki da shi, da ɗan ƙaramin katakon da matuƙi ya ke karkata babban jirgin ruwa da shi, da kuma 'yar wuta da ke cinye daji. Duk wadda ta taɓa ganin gobarar daji da kaka ta san ba da babbar wuta ta ke farawa ba.

A nan sai mu tuna da wata mutuniyar Afirka, Monika, wadda ta zauna a garin Tagaste, inda yanzu a ke kira Souk Ahras a ƙasar Aljeriya, ta kuma rasu a 387. Ɗanta Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo kuma ɗaya daga cikin manyan malaman ikilisiya, shi ya rubuta halinta. Ya ce in mata biyu suka yi faɗa, kowace ta kan zo wurin Monika ta amayar da abin da ke cikinta game da ɗayar. Monika ta kan saurara, amma ba ta taɓa ɗaukar baƙar maganar wannan ta kai wa waccan ba, sai abin da zai kawo sulhu kaɗai ta ke isarwa. Ita kanta ta ɗanɗana ɗacin tsegumi, domin tun tana amarya barorin gida suka haɗa ta da uwar mijinta. Ba ta rama ba, ta ci gaba da ladabi har tsohuwar ta gane inda wutar ta ke tasowa, ta kai ƙarar masu tsegumin wurin ɗanta da kanta. Daga nan suka zauna lafiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: wanda ya rubuta tarihin Agustin ya ce a teburin cin abincinsa akwai rubutu mai gargaɗi cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wurin zama a wannan tebur.

Ana kuma ba da labarin wani limamin Katolika na birnin Rum, Filibus Neri, wanda ya rasu a 1595. Wai wata mace ta zo ta shaida masa laifinta na yawan tsegumi. Ya ce ta sayi kaza ta riƙa figarta tana tafe har ta iso wurinsa. Da ta iso, ya ce ta koma ta tsince gashin duka. Ta ce ai iska ta riga ta watsar da shi. Ya ce to, haka maganarki ta ke. Mu ma abin da mu ke nufi ke nan da mu ke cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

A zamanin Monika tsegumi da ƙafa ya ke tafiya, daga bakin rijiya zuwa wurin daka. Yanzu kuwa yana cikin wayar hannu. Uwargida tana zaune a ɗakinta za ta danna WhatsApp, kafin tuwo ya nuna magana ta kai Legas da Yamai. An fasa aure saboda saƙon murya guda, an raba zumunci saboda hoton da aka tura ba a bincika ba. Har a wurin addu'a abin ya kan shiga da rigar ibada. Sai ki ji an ce, "Mu sa 'yar'uwarmu wance cikin addu'a," daga nan a zayyana duk asirin gidanta ga mata ashirin. Allah ya riga ya san damuwarta, ba ya bukatar a ba shi labari dalla-dalla a gaban jama'a.

BAKIN UWA

Wannan ita ce gaɓar da ta fi damuna. Mu mata mu ne mu ka fi kowa son 'ya'yanmu, mu ne kuma mu ka fi kowa zaginsu. Yaro ya zubar da man gyaɗa, sai ki ji "ɗan banza", "shashasha", "ba za ka taɓa yin albarka ba". Yakubu ya yi mamakin yadda baki guda zai yabi Allah, ya kuma la'anci mutumin da Allah ya halitta cikin kamanninsa, ya ce ai maɓuɓɓuga ɗaya ba ta fid da ruwan daɗi da na ɗaci tare. Uwar da ta dawo daga sujada ran Lahadi tana waƙar yabo, tun ba ta cire ɗankwali ba ta tsine wa 'yarta saboda wanke-wanke, ita a ke nufi.

Yaro ba ya iya rarrabe fushin uwa da hukuncinta. Abin da kika kira shi da shi kullum, shi ya ke ɗauka shi ne shi. Yarinyar da aka saba ce mata daƙiƙiya ba za ta ɗaga hannu a aji ba ko ta san amsa.

Susanna Wesley, matar wani fasto a ƙauyen Epworth na Ingila, ta haifi 'ya'ya 19, ko da ya ke 9 sun rasu tun suna jarirai. Cikin waɗanda suka rayu akwai John da Charles, waɗanda suka kafa Metodis. A 1732 ta rubuta wa John wasiƙa tana bayyana yadda ta rene su. A gidanta ba a jin kama sunan Allah a banza, ba zagi, ba sunan ba'a. Yaro ba ya kiran ɗan'uwansa da sunansa tsura sai ya haɗa da kalmar girmamawa, kamar yadda mu ke cewa yaya. Ko baranyar gida za su roƙi abu a wurinta sai da ladabi. Akwai kuma wata ƙa'ida tata da ya kamata kowace uwa ta yi tunani a kai: yaron da ya yi laifi ya faɗi gaskiya ya kuma yi alkawarin gyarawa, ba a dukansa. Ta lura cewa tsoron bulala ne ya ke koya wa yara ƙarya, har ta zama musu jiki. Haka kuma alkawarin da aka yi a gidan ba a saɓa shi. Uwargida, sau nawa kika ce wa yaro "yi shiru zan sayo maka alewa" alhali kin san ba za ki sayo ba? Shi kuwa yana lissafi.

MAGANA DA MAIGIDA

Littafin Karin Magana sura 15 ya nuna cewa amsa mai taushi tana kwantar da hasala, kakkausar kalma kuwa tana hura ta. Misalin da a kan kawo shi ne na Abigel, a 1 Sama'ila sura 25. Mijinta Nabal ya yi wa manzannin Dawuda baƙar magana, Dawuda ya taso da mutum 400 da takuba. Abigel ta ɗora gurasa 200 da tumaki 5 gyararru da sauran guzuri a kan jakuna, ta tarye shi a hanya, ta yi masa magana mai hankali har ya mai da takobinsa. Bakin miji ya jawo wuta, bakin mace ya kashe ta. Monika ma mijinta mai zafin rai ne. Ba ta amsa masa yana cikin fushi, sai ya huce sa'an nan ta bayyana masa dalilinta.

Amma a lura, dukansu biyu sun yi magana, lokaci kawai suka zaɓa. Tsaron baki ba ya nufin mace ta haɗiye zalunci. Wadda a ke duka ko a ke hana ta abinci da haƙƙinta, wajibi ne ta faɗa wa iyaye ko dattawan ikilisiya ko hukuma. Faɗin gaskiya ga wanda zai iya gyara ba tsegumi ba ne. Tsegumi shi ne faɗa wa wadda ba abin da za ta iya yi sai ta ƙara yaɗawa.

GA 'YAMMATA 'YAN MAKARANTA

'Ya'yana, ku kuma ga naku. A makaranta ne a ke ɗaukar sababbin kalmomi, masu kyau da marasa kyau. Za ki ji ƙawarki tana ashar ko tana kiran sunan Yesu a kan kowane abu, ki ga kamar wayewa ce. Ba wayewa ba ce, ƙarancin kalmomi ne. Wadda ta ke da Hausa a bakinta tana da "kai", da "ashe", da "tabɗi", da "ikon Allah" in abin ya kai a ce haka. Kada ki laƙaba wa wata sunan ba'a saboda tsawonta ko launinta ko yarenta, domin ke za ki manta, ita kuwa za ta tsufa da shi. Kada kuma ki yi wasa da abin da ƙawarki ta ke girmamawa na addininta, ko Kirista ce ko Musulma. Ƙasarmu ta sha ganin yadda kalma guda ta ke jawo asarar rayuka da dukiya. Kafin ki tura saƙo, ki tambayi kanki ko za ki iya karanta shi da ƙarfi a gaban mahaifiyarki da kuma wadda a ke maganarta.

GISHIRI DAIDAI MIYA

Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa sura 4, ya kwatanta magana mai kyau da abincin da aka sa wa gishiri. Kowace mai girki ta san ma'anar wannan. In babu shi miya lami ce, in ya yi yawa kuma ba ta ciwuwa, sa'an nan in ya riga ya shiga tukunya ba a tsame shi. Saboda haka ba a ce mace ta zama kurma ko ta bar raha ba. Gidan da ba dariya ba gida ba ne. Aunawa a ke so.

Ga 'yan shawarwari da kowace za ta iya gwadawa cikin makon nan. Na farko, ki ƙirga sau nawa kika rantse daga safe zuwa dare, ki kuma ba yaranki izini su tuna miki, kamar yadda mai wa'azin Antakiya ya ce. Za ki ji kunya ranar farko, amma su ma za su fara kula da nasu bakin. Na biyu, in fushi ya taso, ki faɗi laifin da yaro ya yi, kada ki ba shi suna. "Ka zubar da mai, ɗauko tsumma ka goge" ya isa. Na uku, in an kawo miki maganar wata, ki ce, "Zo mu je mu same ta tare." Mai gaskiya za ta bi ki, mai tsegumi kuwa ba za ta sake kawo miki ba. Na huɗu, in kin ce "in Allah ya yarda", to, ki nufi hakan. Yakubu sura 4 ya koyar da faɗin haka domin ba wanda ya san abin da gobe za ta haifa, ba domin tela ta sami mafaka ba alhali ta san ɗinkin ba zai gamu ran Asabar ba. Na biyar, kada yaro ya fita zuwa makaranta ba ki sa masa albarka ba, ko da kun yi faɗa da safen.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Jikanyar dattijuwar nan ta kasuwa ba a zaunar da ita aka yi mata wa'azi ba, amma ta ga kakarta ta yi ciniki ba rantsuwa ba zagi, ta kuma tafi gida da tumatirinta. Namu yaran ma suna tsaye kusa da mu suna saurare, ko mun lura ko ba mu lura ba.